Tambayoyi da amsoshi kan yawon jirgin ruwa a tsibiran Komodo na Indunusiya

Yawancin masu shiga jirgin ruwa zuwa tsibiran Komodo dabba ɗaya ce take kai su, wato komodo, ƙaton damon nan da ba a samunsa a daji ko'ina a duniya sai can da maƙwabciyarsu Fulores. Amma awannin da matafiyi zai yi a tudu kaɗan ne idan aka kwatanta da waɗanda zai yi a kan ruwa, kuma ruwan ne yake yanke abin da za a gani, da lokacin da za a gan shi, da ma ko za a isa wurin. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai shirin irin wannan tafiya ya fi yawan yi.

A ina tsibiran suke, kuma ta yaya ake isa?

Suna gabashin ƙasar Indunusiya, tsakanin manyan tsibirai biyu, Sumbawa daga yamma da Fulores daga gabas. Manyansu uku ne, Komodo da Rinca da Padar, sai ƙanana fiye da ashirin da ke warwatse a tsakaninsu. Gwamnatin Indunusiya ta mayar da yankin gandun dajin ƙasa a 1980, hukumar UNESCO kuma ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1991. Ƙofar shiga ita ce garin Labuan Bajo da ke bakin teku a yammacin Fulores, wanda jirgin sama daga Bali yake isa cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Garin ƙauyen masunta ne a da, amma ya bunƙasa har ya karɓi taron shugabannin ƙasashen kudu maso gabashin Asiya a watan Mayun 2023. Daga tasharsa jirgin katako yakan ɗauki kusan awa biyu zuwa Rinca, kusan huɗu zuwa Komodo.

Wane irin jirgi ake shiga?

Akwai ƙananan jirage masu gudu da suke fita da asuba su zagaya wurare biyar ko shida su dawo kafin magariba. Akwai kuma jiragen katako da ake kwana a cikinsu, yawanci kwana biyu ko uku, ana dafa abinci a ciki, ana barci ko dai a ƙananan ɗakuna ko a kan katifu a saman jirgin ƙarƙashin rumfa. Da yawa daga cikinsu an ƙera su ne bisa fasalin pinisi, jirgin gargajiya na mutanen kudancin Sulawesi, wanda maƙeransa suke haɗa jikinsa da hannu a bakin rairayi ba tare da zane a takarda ba. UNESCO ta amince da wannan sana'a a matsayin gadon ɗan Adam a 2017. Ko da yake ana ganin dogayen sandunan da ake ɗaura yadin kama iska, kusan dukkansu da inji suke tafiya a yau.

A ganina wanda ya zo don dabbobi bai kamata ya zaɓi tafiyar yini ɗaya ba. Jirgi mai gudu yakan isa kowane wuri tare da sauran jiragen, a daidai lokacin da rana ta take kuma dabbobi suka shige inuwa, alhali mai kwana a ruwa yana farkawa ne a gefen tsibirin kafin kowa ya iso.

Shin tsibiran cike suke da kurmi kamar yadda ake ganin Indunusiya a hotuna?

A'a, kuma wannan ne abu na farko da yake ba baƙo mamaki. Yankin yana cikin wurare mafi ƙarancin ruwan sama a ƙasar, saboda busasshiyar iskar da take kaɗowa daga Ostireliya watanni da yawa a shekara. Daga wajen Afrilu zuwa Nuwamba rani ne, kuma tun daga tsakiyarsa tsaunuka sukan koma launin ƙasa, ciyawa ta bushe ƙarau. Bishiyoyin da suka fi yawa a fili ba baƙi ba ne ga Bahaushe: akwai lontar, wadda 'yar'uwar giginya ce ta jini, akwai tsamiya, akwai dangin magarya. Kurmi na gaske sai a kwazazzabai da kan tsaunuka masu tsawo inda gajimare ke sauka. Idan damina ta kankama, daga Disamba zuwa Maris, duk wuraren nan sukan yi kore shar cikin 'yan makonni, sai dai a lokacin ne iska da raƙuman ruwa suka fi tsananta, har hukumar tashar jiragen ruwa takan hana fita wasu ranaku.

Wace irin dabba ce komodo?

Dangin damo da guza ne, kuma shi ne mafi girma a cikin dukkan ƙadangarun da suke raye a duniya. Babban namiji yakan kai tsawon mita uku, nauyinsa a daji kuma yakan kai kilo 70, wani lokaci ya wuce idan cikinsa a cike yake. Mutanen tsibirin sun san shi tun kaka da kakanni, amma labarinsa bai isa ga masanan Turai ba sai a 1910, lokacin da wani hafsan mulkin mallakar Holan mai suna van Steyn van Hensbroek ya je ya harbo ɗaya. Peter Ouwens, shugaban gidan adana dabbobi na Bogor a tsibirin Jawa, shi ne ya rubuta bayaninsa na kimiyya a 1912. Yau ana samunsa a Komodo da Rinca da wasu ƙananan tsibirai biyu, Gili Motang da Nusa Kode, da kuma wasu 'yan wurare a gaɓar yamma da ta arewacin Fulores. Waɗanda ke cikin gandun dajin ba su wuce dubu uku da 'yan ɗaruruwa ba.

Wanda ya gan shi kwance a gindin tsamiya, haɓa a ƙasa, ƙafafu a baje, ƙura ta rufe fatarsa, zai iya ɗauka kirarin damo sarkin haƙuri ya dace da shi, amma haƙurin nasa na mafarauci ne. Yakan kwanta a gefen hanyar da barewa ke bi zuwa ruwa ya yi awanni bai motsa ba, sai dabbar ta zo dab da shi ya zabura, kuma a ɗan gajeren zango gudunsa yakan kai kilomita 20 a awa. Idan ya tashi tafiya, kansa yana kaɗawa hagu da dama, dogon harshensa mai launin rawaya da baki biyu yana fita yana komawa. Da harshen yake ɗanɗanar iska, ya kai abin da ya kwaso zuwa wata gaɓa da ke rufin bakinsa, kuma ta haka yake gano mushe daga nisan kilomitoci idan iska ta ba shi dama. Haƙoransa kusan sittin ne, masu lanƙwasa da gefe irin na zarto, kuma wani bincike da aka wallafa a 2024 ya nuna bakin haƙoran yana da rufin sinadarin ƙarfe da yake hana su dakushewa. A zama ɗaya yana iya cin abin da ya kai kashi 80 cikin ɗari na nauyin jikinsa, ya haɗiye har ƙashi da kofato, sannan ya ja jiki zuwa rana ya kwanta, domin zafi ne yake taimaka masa narkar da abincin. Babba yana iya yin makonni bai sake ci ba.

Gaskiya ne ƙwayoyin cutar da ke bakinsa ne suke kashe abin da ya ciza?

An daɗe ana faɗin haka, har yanzu ma wasu 'yan jagora suna maimaitawa, amma masana sun sauka daga wannan ra'ayi. A 2009 wata tawaga ƙarƙashin Bryan Fry ta nuna cewa akwai jakunkunan dafi a muƙamuƙinsa na ƙasa, kuma dafin yana hana jini daskarewa tare da saukar da ƙarfin bugunsa. Binciken da ya biyo baya ya gano ƙwayoyin cutar bakinsa ba su fi na sauran masu cin nama muni ba. Babban makaminsa dai shi ne raunin kansa, domin yakan ciza ya ja da baya da ƙarfin wuyansa, ya yage nama da jijiya, jini ya yi ta zuba. Barewa takan mutu nan take ko cikin 'yan awanni. Ɓauna ce takan tsira da rauni, ta je ta kwanta a kududdufin da ya cika da kashinta, raunin ya ruɓe, ta mutu bayan kwanaki, kuma mai yiwuwa daga nan tsohon labarin ya samo asali.

Yana kai wa mutane hari?

Yana kaiwa, amma ba kasafai ba. Ƙididdigar hukumar gandun dajin ta nuna hare-hare 24 tsakanin 1974 da 2012, biyar daga ciki sun zama ajali, kuma mafi yawan waɗanda abin ya shafa mazauna tsibiran ne da ma'aikata, ba baƙi ba. Ba a yarda kowa ya yi yawo shi kaɗai ba. Kowace tawaga tana tafiya da jami'in gandun daji riƙe da doguwar sanda mai baki biyu, wadda yake tokare wuyan dabbar da ita idan ta matso. Umarninsa kaɗan ne: kada a rabu da jama'a, kada a durƙusa kusa da ita don ɗaukar hoto, kada a riƙa lilo da jaka ko wani abu a hannu, kada a ruga da gudu. Ana kuma buƙatar mai buɗaɗɗen rauni da macen da take cikin al'ada su sanar da jami'in a asirce tun kafin a tashi, domin ya sa su a tsakiyar tawaga. Hotunan da ake gani na mutum kamar yana dafa bayan dabbar dabarar mai ɗauka ce kawai, mutumin yana can baya da tazarar mita da yawa.

Macizai ma abin lura ne, don akwai gamsheƙa mai tofi da wasu masu dafi iri biyu ko uku, shi ya sa ba a sauka daga hanya a shiga ciyawa.

Tabbas ne za a gan shi?

Kusan tabbas ne, amma yadda za a gan shi ya bambanta. Wuraren sauka biyu ne, Loh Liang a Komodo da Loh Buaya a Rinca, kuma a duka biyun akwai waɗanda suka saba kwanciya kusa da gine-ginen ma'aikata saboda ƙamshin girki. A da har akuya ake yankawa a rataye musu don baƙi su kalli yadda suke ci, amma an daina wannan a shekarun 1990, domin ya sa sun daina farauta. A Loh Buaya yanzu kan wata doguwar gada ta katako ake tafiya ana leƙo su daga sama, abin da ya rage haɗari, ya kuma rage armashi. Mai son ganinsu suna tafiya da ƙafarsu sai ya sauka da sassafe, lokacin da suke fitowa shan hantsi. A watannin Yuli da Agusta, tsakiyar lokacin barbara, manyan sukan bazu cikin daji, ganinsu ya yi wuya, sai dai wanda ya yi sa'a zai iya tarar da maza biyu sun miƙe tsaye kan ƙafafun baya da wutsiya suna kokawa.

Me ya sa ba a cika ganin ƙanana ba?

Saboda suna kan bishiya. Mace takan yi ƙwai kusan ashirin a wajen watan Satumba, su yi wata bakwai zuwa takwas kafin su ƙyanƙyashe a ƙarshen damina, lokacin da ƙwari suka yawaita. Da zarar sun fito sai su haye itace, su yi shekarunsu na farko a can suna cin ƙwari da tsaka da ƙwan tsuntsaye, domin manyan komodo suna cin ƙananansu, kuma nauyi ba ya barin babba ya hau. Sau da yawa macen ba ta haƙa rami tun daga farko, sai ta ƙwace tulin ƙasa da ganye da wata tsuntsuwa mai kama da kaza, mai jajayen ƙafafu, ta tara. Ita wannan tsuntsuwa ba ta kwanci, zafin ruɓewar ganyen ne yake ƙyanƙyashe mata ƙwai, kuma tulin nata yakan fi mutum tsawo a wasu wurare. Akwai wani abin mamaki kuma da aka tabbatar a 2006 a gidan namun daji na Chester a Ingila: macen komodo tana iya yin ƙwai masu ƙyanƙyashewa ba tare da ta haɗu da namiji ba, kuma duk 'ya'yan da aka samu ta wannan hanya maza ne.

Waɗanne dabbobi ne kuma a tudu?

Barewar Timor ce ta fi yawa, ita ce kuma babban abincin komodo, har akan ga wasu kwance a rairayin bakin teku a inuwa. Akwai aladen daji da ɓauna, a Rinca kuma akwai birai masu dogon wutsiya da suke sauka bakin ruwa neman ƙaguwa. A sama akan ga farin aku mai rawayan tukku, wanda masu kama tsuntsaye don sayarwa suka kusa ƙarar da shi a sauran tsibiran ƙasar, Komodo kuwa ya zama ɗaya daga cikin mafakarsa ta ƙarshe. Gaggafar teku mai farin ciki ma takan yi shawagi a kan mashigai.

Abin da babu shi ma yana da labari. Babu damisa, babu karkanda, babu manyan birai irin na tsibiran Borneo da Sumatra da ke yamma. Masanin nan ɗan Ingila Alfred Russel Wallace ya lura a shekarun 1850 cewa da an tsallake mashigin da ke tsakanin Bali da Lombok, wanda faɗinsa bai wuce kilomita 35 ba a wuri mafi ƙunci, sai tsuntsaye da dabbobi su canza, na Asiya su ragu, masu kama da na Ostireliya su fara bayyana. Dalili shi ne zurfin mashigin, wanda bai taɓa ƙafewa ba ko a zamanin da teku ya janye har sauran tsibiran yamma suka haɗe da Asiya. Komodo yana gabas da wannan mashigi, kuma ƙasusuwan da aka tono sun nuna kakannin ƙaton damon daga Ostireliya suka fito.

Me ya sa ake cewa abin kallo na gaske yana ƙarƙashin ruwa?

Saboda wurin da tsibiran suke zaune. Ruwan tekun Fasifik yana kwarara zuwa tekun Indiya ta tsakanin tsibiran Indunusiya, kuma mashigan da ke gefen Komodo da Rinca suna cikin ƙofofin da yake matsewa ya wuce. Ga kuma cikowa da janyewar teku da suke juya alkiblar ruwan sau da yawa a yini. Daga saman jirgi ana ganin aikin wannan da ido: wani wuri ruwan ya kwanta sumul, kusa da shi yana tafasa yana juyawa, jirgin katako kuma injinsa yana ta ƙara amma dutsen da ke gefe bai gusa ba. Wannan igiyar ruwa mai gudu tana tono ruwa mai sanyi daga ƙasa, musamman a kudu, ɗauke da abincin da ƙananan halittun ruwa suke rayuwa a kai, su kuma su ciyar da duk abin da ya fi su girma. Shi ya sa a tafiyar awa biyu ko uku ake tashi daga ruwan arewa mai ɗumi da haske a shiga na kudu mai sanyi da duhu-duhu, kowanne da irin halittunsa.

Yankin yana cikin abin da masana suke kira kusurwa uku ta murjani, inda ake samun kusan kashi uku cikin huɗu na dukkan nau'o'in murjanin duniya. A cikin gandun dajin kaɗai an ƙidaya nau'in kifi fiye da dubu da na murjani kusan 260. Murjani ba dutse ba ne kuma ba tsiro ba ne, tarin ƙananan dabbobi ne da suke gina gidan alli a jikinsu, wasu nau'o'in ba sa ƙara fiye da santimita ɗaya ko biyu a shekara. Wanda ya taka shi da ƙafa ya karya aikin shekaru, ya kuma yanke kansa.

Mene ne manta, kuma yana da haɗari?

Wani faffaɗan kifi ne mai fikafikai, baƙi ta sama, fari ta ciki. Irin da aka fi gani a nan faɗinsa mita uku zuwa huɗu ne, na tsakiyar teku kuwa yakan kai bakwai. Ba shi da ƙaya mai dafi a wutsiya kamar wasu danginsa, kuma ba ya cizo, domin abincinsa ƙananan halittun da yake tacewa ne daga ruwa da buɗaɗɗen baki. Wurin da aka fi saninsa da shi shi ne Karang Makassar, wani dogon fili marar zurfi tsakanin Komodo da Rinca. Ƙaramin kwalekwale yakan kai mutane saman igiya, matuƙi ya tsaya yana duban ruwa har ya hango baƙar inuwa ko bakin fiffike ya ɓullo, sai ya ce a sauka. Ba a iyo a nan, igiyar ce take ɗaukar mutum, yana kwance a saman ruwa yana kallon ƙasa. Manta yakan zo ya fuskanci igiyar ya tsaya cak a kan wani curin murjani, yana kaɗa fikafikai a hankali, ƙananan kifaye suna shiga bakinsa da matatar numfashinsa suna tsince masa ƙwari. Ɗigon da ke cikinsa daban yake da na kowane ɗan'uwansa, da shi masu bincike suke gane su ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya bi shi da iyo ko ya miƙa hannu zai kore shi ne kawai, wanda ya natsu kuwa sau da yawa dabbar da kanta take zagayowa ta dube shi.

Mace ɗa ɗaya take haifa bayan shekara biyu ko fiye, don haka kamun da ake yi musu saboda cinikin matatar numfashinsu ya rage su da sauri. Indunusiya ta haramta kama su a dukkan ruwanta a 2014.

Wanda bai iya iyo ba fa?

Zai ga abubuwa da yawa, amma ya faɗi gaskiya tun farko, kada kunya ta sa ya yi shiru. Da rigar da ke hana nutsewa, da tabarau na ruwa da bututun numfashi, yana iya kwanciya a ruwa marar zurfi a wuraren da babu igiya, ɗan jagora yana riƙe da shi. Wuraren igiya irin na manta ba nasa ba ne, sai dai ya kalla daga cikin kwalekwale, kuma da yake ruwan garau yake, hakan ma ba asara ba ce.

Sai me kuma ake gani a ruwa?

Kunkurun teku shi ne wanda kusan kowa yake gani, musamman a Siaba Besar, inda suke kiwo a kan ciyawar ƙarƙashin ruwa, su taso bayan 'yan mintuna su shaƙi iska su koma. Dolfin sukan bi gaban jirgi da safe. Ƙananan kifayen shak masu baƙin ɗigo ko fari a bakin fiffike suna yawo a gefen murjani, kuma tsoron mutum suke ji. Akwai dugon, ɗan'uwan ayun da ake samu a kogin Binuwai da Neja, amma ganinsa sai an dace ƙwarai. Da dare idan babu wata, wanda ya motsa ruwa da hannu daga kwalekwale zai ga yana tartsatsin haske shuɗi, aikin wasu ƙananan halittu ne da suke walƙiya idan an taɓa su.

Waɗanne wurare ne jirage suka fi tsayawa don kallo?

Na farko shi ne Padar. Ana hawa ɗaruruwan matakala tun kafin fitowar rana zuwa kan wani tsauni, inda ake hango gaɓoɓi uku a lokaci ɗaya, ɗaya mai farin rairayi, ɗaya baƙi, ɗaya ja-ja. Wannan hoton ne yake bayan takardar kuɗin ƙasar ta rufiya dubu hamsin. Babu inuwa ko kaɗan a hanyar, wanda ya makara zai sha rana. Na biyu wani rairayin bakin teku ne mai launin ruwan hoda, wanda ɓurɓushin jan murjani da ɓawon wasu ƙananan halittu suka gauraya da farin yashi suka ba shi launi. Launin ya fi fitowa a inda ruwa ya jiƙa, kuma bai kai yadda ake ƙara masa a hotunan intanet ba. Ɗibar yashin haramun ne a dokar gandun dajin.

Na uku tsibirin Kalong ne, wanda ba a sauka a kansa, don duk itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri ne. Jirage sukan jeru a gefensa gab da magariba su kashe inji. Da rana ta faɗi sai manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, waɗanda faɗin fikafikansu ya kai mita ɗaya, su fara tashi, ɗaya, goma, sannan dubbai, duk sun nufi Fulores neman abinci, kuma jerin yakan ɗauki kusan rabin awa bai yanke ba.

Akwai doguwar hanya daga Lombok. Ta cancanci wahalarta?

Tafiya ce ta kusan kwana huɗu ta arewacin Sumbawa. Ana wucewa ta gefen Tambora, dutsen da aman wutarsa na 1815 ya fi kowanne girma a tarihin da aka rubuta, har toka da hayaƙinsa suka ɓata amfanin gona a Turai da Amurka a shekarar da ta biyo baya. Ana tsayawa a Satonda mai tafkin ruwan gishiri a bakin tsohon dutse, da kuma mashigin Saleh, inda mafi girman kifi a duniya, wani shak mai ɗigo-ɗigo marar cutarwa, yake zuwa gindin dandamalin masunta da asuba. Sai dai a wannan hanya ana tafiyar dare a buɗaɗɗen teku, kuma jiragen masu araha ba duka suke da lafiya ba. A watan Agustan 2014 ɗaya ya nitse kusa da tsibirin Sangeang, wasu fasinjojin suka yi awanni suna iyo kafin su kai gaɓa.

To mene ne haɗari mafi girma a tafiyar?

Ruwa ne, ba komodo ba. Igiyar da take ciyar da murjani ita ce take jan mutum. A watan Yunin 2008 ta kwashe wasu Turawa biyar masu nutso, suka yi awanni tana tafiya da su har suka dafe gaɓar kudancin Rinca, inda suka kwana biyu suna korar wani komodo da jifa kafin a same su. Kafin a biya kuɗi, ya kamata a nemi ganin jirgin da ido, a ƙirga rigunan ceto, a tambaya ko akwai rediyon kira da abin kashe gobara da ƙaramin kwalekwalen da zai bi masu iyo. Idan kyaftin ya ce yau ba za a je wuri kaza ba, ko sai an jira awa biyu ruwa ya juya, kada a matsa masa don an riga an biya. Mai saurin jiri ya sha magani kafin a tashi, ya zauna a tsakiyar jirgi yana duban nesa. Akwai sauro da zazzaɓinsa a Fulores, asibiti mafi kusa kuma yana Labuan Bajo.

Akwai mutane a tsibiran? Yaya batun salla da abinci?

Akwai ƙauyuka a cikin gandun dajin, mafi shahara shi ne ƙauyen Komodo, mai gidajen katako a kan dogayen ƙafafu. Mazaunansa Musulmi ne, haɗin 'yan asalin tsibirin da ƙabilun Bugis da Bajo da mutanen Bima ta Sumbawa, kuma akwai masallaci. Suna da tatsuniyar da take cewa wata mace ce ta haifi tagwaye, ɗaya mutum ɗaya komodo, shi ya sa ba sa kashe shi ko da ya ɗauke musu akuya. Kamun kifi ne sana'arsu ta asali, yanzu kuma da yawa sun koma sassaƙa siffar dabbar da itace suna sayar wa baƙi. Fulores kanta mafi yawan mutanenta Kiristoci ne mabiya Katolika, amma bakin teku da ma'aikatan jirage akwai Musulmi sosai.

Abincin jirgi shinkafa ne da kifi da kaza da ganye da taliya, da ayaba soyayya da shayi, kuma tambayar ko na halal ne ba baƙuwar tambaya ba ce a ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi ko take gab da haka. Wasu jiragen suna sayar da giya ga masu so, mai ƙyamar hakan ya bincika tun wajen yin rajista. Alƙibla tana yamma ne da ɗan karkata zuwa arewa, kuma da yake jirgin da ya tsaya yakan juya da igiya, ya fi sauƙi a yi salla lokacin da aka sauka rairayi ko a tambayi ma'aikatan inda suke yin tasu. Ruwan daɗi a jirgi ƙayyadadde ne, a yi tsimi wajen alwala da wanka.

Yawan baƙi ba ya cutar da wurin?

Muhawara ce da ba ta ƙare ba. A 2021 ƙungiyar kiyaye halittu ta duniya, IUCN, ta sanya komodo cikin dabbobin da ke fuskantar barazanar ƙarewa, saboda hasashen cewa ɗumamar yanayi da hawan teku za su cinye ƙananan filayen bakin gaɓa inda yake rayuwa, da kuma raguwar mazauninsa a Fulores. Farautar barewa ba bisa ƙa'ida ba ita ce ta taɓa ƙarar da shi daga Padar, domin da abincin ya ƙare shi ma ya ɓace. A ruwa kuwa, kamun kifi da nakiya ya bar filayen murjani a farfashe tun shekarun baya, ankar jirage da robobi kuma suna ƙara nasu. A 2022 hukumomi sun yi shirin ɗaga kuɗin shiga Komodo da Padar zuwa rufiya miliyan 3.75 ga mutum ɗaya don rage cunkoso, masu jirage da 'yan jagora na Labuan Bajo suka shiga yajin aiki a farkon Agusta, aka ɗage shirin, daga baya aka soke shi. Kuɗin shiga da ƙa'idojin adadin baƙi suna canzawa, don haka a tambayi mai jirgin ko farashinsa ya haɗa da tikitin gandun daji da ladan jami'in rakiya, a kuma riƙe tsabar rufiya a hannu, don babu na'urar cire kuɗi a tsibiran.